Jan Kwaɗon Baba

Masu turo min saƙo kuna cewa in daina jan rai in faɗi abin da ya faru ranar Alhamis, to ku gyara zama. Sau uku ina fara rubutun nan ina gogewa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, kuma ina aiki a kamfanin wutar lantarki, sashen da ke duba masu son haɗa solarsu da layinmu. Ba irin ta gida nake nufi ba, mai faranti huɗu da ke juya fanka. Manya nake nufi, na masana'antu, waɗanda in rana ta take sukan samar da wutar da ta fi ƙarfin mai ita, har rarar ta komo kan layin kamfani. Kafin a bar kowa ya yi haka sai na je na gwada na sa hannu. In ban sa ba, ko ɗan wane ne, farantansa sai dai su zama ado a kan rufi.

Wanda ke nemana da aure kuwa sana'arsa ke nan, haɗa sola. Mai Rana ake ce masa a gidanmu, Gwaggo ce ta laƙaba masa. Ni Injiniya nake kiransa, shi kuma ya ce min Sifeta. Ranar Asabar manyansa za su zo wurin Baba a tsayar da magana, sai ga shi ranar Alhamis an tura ni duba aiki mafi girma da ya taɓa samu, a wata masana'antar robobi. Kada ku ce ban yi ƙoƙarin zamewa ba. Na sami Oga na faɗa masa abin da ke tsakaninmu, ya ce abokin aikina ɗaya yana jinya, ɗayan yana kwas. "Ke kaɗai gare ni," in ji shi, "kuma na san 'yar wa ce ke."

Da safen nan na tashi na tarar da gidanmu a hargitse. An fitar da kujerun falo tsakar gida ana kakkaɓewa, Mama na kan tebur tana rataya sababbin labule ruwan zuma, Gwaggo na ƙasa tana ba da umarni, ko tsinke ba ta ɗaga ba. A ƙofar durowata leshin da zan sa ranar Asabar ne a rataye, shuɗi mai duhu da duwatsu a wuya, mayafinsa a ninke a kai. Na ture shi gefe na zaro rigar aiki mai ruwan toka, da hular kwano, da takalmin nan mai ƙarfe a baki wanda Gwaggo ke kira takalmin dambe.

Wayata ta yi ƙara.

"Sifetata ta tashi lafiya? Na sayo sabon biro musamman don hannun nan naki."

Na yi murmushi ni kaɗai, ba zan ɓoye muku ba. Na rubuta: "Ka ajiye bironka, da nawa nake yawo."

"Ke yarinyar nan," Gwaggo ta tare ni a ƙofar falo, "an ce yau wurin Mai Rana za ki. To ki ji ni da kyau. Ki je ki yi masa fara'a, ki sa hannu, ki dawo. Ban da wannan ɗaure fuskar ta ubanki."

"Gwaggo, in aikin ya yi kyau ai ba sai an roƙe ni ba."

"Ji min ja'ira! Yaron da ya sa mana wuta a gidan nan kyauta, shi ne aikinsa zai ƙi kyau?"

Baba yana baranda da rediyonsa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana hawa turakun wuta kafin a sauko da shi, kuma yatsu biyu ne suka rage a hannunsa na hagu. Da na durƙusa zan yi masa sallama, tambayar da yake min kullum ita ya yi.

"Uwata, kwaɗon yana jikinki?"

Na taɓa aljihun ƙirjina. Jan kwaɗo ne, fentinsa ya koɗe, lambar aikin Baba a kankare a gindinsa. A aikinmu kowa da nasa. In ka kashe makunni don kada wuta ta bi, sai ka datse shi da kwaɗonka ka sa makullin a aljihu. Makulli ɗaya ne tak, kuma ba mai buɗewa sai wanda ya rufe, ko da shugaban kamfani ne. Ranar da na fara aiki Baba ya ba ni nasa.

Masana'antar tana can ƙarshen layin manyan motoci. Tun daga get nake hango farantan sun rufe rufin kaf, ɗari takwas da wani abu, suna ɗaukar ido. Injiniya na tsaye yana jirana cikin farar riga ya naɗe hannuwa, da turaren nan nasa da nake ganewa ko a cikin taro. Ya buɗe min ƙofar mota har da ɗan rusunawa.

"Ranki ya daɗe."

"Ina takardun?" na ce, ina danne dariya.

Gaskiya ɗaya ce, yaron nan ya iya aiki. Wayoyi a jere kamar kitso, kowacce da lambarta. Inbata shida, masu juya wutar farantan ta zama irin ta layinmu, a ɗaki mai sanyi, batura a kabad ɗinsu. Na gwada wayar ƙasa, lafiya lau. Na duba mitar da ke ƙirga wutar shiga da ta fita, daidai. Ina cika takarda ina jin daɗi a raina, har ina cewa Gwaggo ta yi gaskiya yau ɗaya.

Saura gwaji ɗaya, shi ne uban duka. Idan kamfani ya ɗauke wuta, dole sola ta saki layinmu cikin daƙiƙa biyu. Dalili kuwa, ma'aikatanmu kan kashe layi su hau gyara, sun saki jiki cewa waya ta mutu. In akwai solar da ta ci gaba da turo wuta ta baya, wutar nan za ta bi ta taransifoma ta ninka kanta, ta je ta sami mutum a saman turke.

"Wannan an yi shi jiya," in ji Injiniya, ya miƙo min wata takarda. "Ga sakamakon."

"Ni ban gani ba."

"Sifeta, injina na aiki. In aka ɗauke musu wuta robar za ta daskare a ciki, manaja zai cinye ni ɗanye."

"Ka ce masa minti biyar."

Ya kalle ni, ya kalli agogonsa, ya sosa ƙeya. Shekara biyu muna tare, na san wannan sosa ƙeyar.

Ƙarfe sha biyu da kwata, rana na tsakiyar ka, muka tsaya gaban makunnin kamfani da ke gindin taransifoma. Na maƙala mitata a ɓangaren masana'anta, na sa safar hannu, na riƙe agogo. Na yi bisimilla na finciko hannun makunnin.

Ɗaya. Biyu.

Mita ba ta motsa ba. Uku, huɗu, biyar. Ina jin kukan inbatocin ta bango, ba su ko yi tari ba. Na ƙirga har arba'in ina roƙon Allah a raina lambar nan ta faɗi, ko don leshin da ke rataye a ɗakina. Tana nan daram.

Na mayar da makunnin. Na cire safar hannu a hankali.

"Me ka taɓa?"

"Ki saurare ni tukuna."

"Injiniya, me ka taɓa?"

Ya ja ni gefe, nesa da kunnen manaja. Ya ce layinmu na yankin nan sau goma yake ƙiftawa a wuni, kuma duk ƙiftawa sai inbatocin su mutu, injina su tsaya. Shi ne ya canza saitin don su ci gaba da aiki. Akwai na'urar da ke raba masana'anta da layinmu da kanta in an ɗauke wuta, ya yi odarta, tana hanya, sati uku. Gobe Juma'a mai masana'antar zai zo da kansa ya ga aiki. In bai tarar da sola na aiki ba, akwai wani kamfani a gefe yana jiran a miƙa masa sauran rassan.

"Sati uku kacal. Ki sa hannu yau, in ta iso in ɗaura, ba wanda zai sani."

"Gobe ƙarfe takwas za a kashe layin nan a canza turke biyu. Ka san ayarin wa aka ba?"

Na ba shi amsar da kaina.

"Na Yaya ne."

Yayana ke nan, ɗan farin Mama, wanda ya gaji Baba a hawa turke. 'Yarsa ko yaye ta ba a yi ba.

Ya yi saurin kare kansa. "Ai suna ɗaure waya da ƙasa kafin su hau, ko wuta ta zo ƙasa za ta shanye ta. Kuma ni da kaina zan zo tun bakwai in sauke makunnin layinku da hannu, in tsaya a wurin har su gama."

"In tayarka ta fashe a hanya fa? In jibi iska ta kayar da waya ba sanarwa, aka turo su cikin gaggawa? Sati uku za ka kwana a gindin taransifoma?"

"Wato ba ki yarda da ni ba."

Wannan magana ta yi min ciwo, wallahi ta yi min. Amma Baba ma ya ɗaure wayarsa da ƙasa ranar da abin ya same shi. Ta gefen da wutar kamfani ke zuwa ya ɗaure. Ta ɗaya gefen wani mai shago ya tayar da janareta bai raba layi ba, shi ma mutumin kirki ne, mantawa ya yi. Baba ya bar yatsu uku a wurin. Abokinsa da ke sama da shi bai sauko da rai ba.

Na wuce ɗakin inbata, na sauke babban makunnin da ke haɗa sola da sauran wayoyi, kukan ya mutu. Na zaro jan kwaɗon na datse, na jefa makullin a aljihun ƙirjina, na rataya katin gargaɗi mai sunana. A takarda na rubuta cewa gwaji bai yi ba, a gyara a sake kirana. Iyakar abin da na rubuta ke nan. Ban ce da gangan aka canza saitin ba, kuma na san sassauci na yi masa.

"Ni za ki sa wa kwaɗo?" ya ce a hankali. "A gaban ma'aikatana?"

"Ba kai na sa wa ba."

Bai raka ni mota ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baba ya fita karɓo maganinsa, Mama na zaune a sabuwar shimfiɗar falo ta yi tagumi, Gwaggo na safa da marwa, ɗankwali a hannu.

"Sannu da zuwa, hukuma! Sannu, mai kwaɗo! Ke yanzu ko kunya ba ki ji ba? Jibi iyayen yaro za su zo, yau kin je kin tozarta shi a gaban leburori. Wace uwa ce za ta bar ɗanta ya auri macen da ke kulle masa sana'a?"

"Auta," in ji Mama, muryarta ƙasa-ƙasa, "Mai Rana ya kira ni, ya ce 'yar matsalar takarda ce, sati uku an gama. Ba za ki yi masa haƙuri ba?"

A nan ne na tafka nawa kuskuren, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Da na zauna na yi wa Mama bayani dalla-dalla, da na ambaci sunan Yaya sau ɗaya, da magana ta ƙare. Amma raina a ɓace yake, ga yunwa, ga Gwaggo na yi min ruwan magana a ka, kuma can ƙasan zuciyata ba na son Mama ta san abin da ya nemi in yi. Har a lokacin rufa masa asiri nake. Sai na ɗaure fuskar nan ta ubana na ce, "Mama, maganar aiki ce, ba ta gida ba." Na shige ɗaki, na rataya rigar aikin kusa da leshin, na faɗa wanka.

Na daɗe a ciki, don a nan na yi kukana. Kamar na ji tsayuwar mota a waje, ban kula ba.

Da na fito na sa doguwar riga, hannuna ya tafi aljihun rigar aiki da kansa, yadda ya saba. Babu makullin. Na zazzage jaka a kan gado, na duba cikin takalmi, na ɗaga leshin na girgiza.

"Mama! Wa ya shiga ɗakina?"

Tana tsaye a ƙofar kicin tana goge hannu da gefen zani, ta ƙi haɗa ido da ni. Gwaggo ce ta amsa, har da murguɗa baki.

"Mai Rana ya zo ba da haƙuri, uwarki ta ba shi makullin ya je ya buɗe abinsa. In ke ba ki san ciwon kanki ba, mu mun sani."

"Ya karɓa?"

"Da ƙafa zai ture?"

Na juya wurin Mama. "Mama, kin san me kwaɗon nan ya tare? In ya buɗe, wutarsa za ta hau layin da za a kashe gobe da safe. Yaya ne zai hau layin, Mama. Abin da ya sami Baba, shi ne."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Tsumman hannunta ya faɗi, ta sulale ta zauna a dandaɓe tana salati. Gwaggo ta buɗe baki ta rufe, karo na farko a tarihin gidanmu.

"Kira shi," in ji Mama. "Auta, kira shi, don Allah kira shi!"

Na kira, tana ta ringin ba a ɗauka ba. Na sake. Sau bakwai. Na rubuta: "Kada ka buɗe. Ka dawo min da makullina yanzu." Alamar an karanta ta fito, shuɗiya, amsa ba ta zo ba. Na zuba wa wayar ido ina ganin an fara rubutu, an daina, an fara, an daina.

Ana haka Baba ya shigo da ledar magani. Mama ce ta faɗa masa, tana kuka tana haɗa shi da Allah ya yafe mata. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye ledar, ya zauna a kujerarsa, ya dube ni.

"Uwata, makullinki yana aljihunki?"

"A'a, Baba."

"To me doka ta ce?"

Na san abin da ta ce, ni nake karanta wa sababbin ma'aikata ita. In makulli ya bar hannunka, kwaɗonka ba kwaɗo ba ne. Ka sanar nan take, a dakatar da duk wani aiki a layin. Wanda kuma aka samu da makullin da ba nasa ba, a karɓe lasisinsa har sai kwamiti ya zauna, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo da shi kafin shekara ba.

"Baba, a ba shi rabin awa. Wataƙila yana tuƙi ne."

"Ni ba zan ce miki komai ba," in ji shi. Ya ɗora hannun hagun a kan gwiwarsa, ya ci gaba da kallon get.

Na ba Injiniya minti ashirin, ina tsaye a tsakar gida tsakanin kujerun da ba a gama mayarwa ba. Ina sonsa, ku sani. Ina son yadda yake tsokanata, da yadda yake zama da Baba ya saurari labarin turke ɗaya sau goma bai gaji ba. Amma mutumin da na yi rantsuwa ba zai taɓa canza saitin nan ba ya canza, wanda na yi rantsuwa ba zai karɓi makullin ba ya karɓa. Rantsuwa ta uku ba zan yi ta da ran Yaya ba.

Ƙarfe biyar da minti goma na kira Oga. Na faɗa masa komai, har saitin da na rufe a takarda. Ya ce an soke aikin gobe, zai tura mota a cire fis ɗin masana'antar a raba ta da layinmu, ni kuma in zo ofis da safe da rahoto a rubuce.

"Kin san abin da wannan zai ja masa?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ke ma sai kin amsa tambaya, yadda makulli ya fita daga gidanku."

"Na sani."

Na kashe wayar. Mama ta kama ƙafata tana kuka, ban san ko na godiya ba ne ko na baƙin ciki, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Ko minti goma sha biyar ba a yi ba aka ƙwanƙwasa get. Gwaggo ta buɗe. Shi ne, farar rigar nan ta jiƙe da gumi, idanunsa jajur. Bai kalle ni ba. Ya wuce kai tsaye ya durƙusa gaban Baba, hannunsa na dama a dunƙule. Ni kuwa hannun kawai nake kallo. In kwaɗon ne a ciki, ya buɗe ke nan.

Ya buɗe tafinsa. Makulli ne, shi kaɗai.

"Baba, na je har gaban makunnin," ya ce. "Na kama kwaɗon zan zura, sai na ga lambarka a gindinsa. Na daɗe a tsaye a wurin. Na kasa ɗaukar wayarta don kunya. Ban buɗe ba, Baba, wallahi ban buɗe ba. Na kira mai masana'antar na faɗa masa gaskiya, ya yi abin da zai yi."

Ya juyo gare ni, har da ɗan murmushin gajiya, ya miƙo min makullin.

"Ga amanarki, Sifeta. Maganar ta tsaya iya mu, ko?"

Na kasa ɗaga hannu in karɓa. Mama ta toshe bakinta. Baba ya sunkuyar da kai.

Sai wayarsa ta fara ƙara a aljihun gaba, hasken ya ratso farar rigar. Ya zaro ta ya duba, ya ɗan yamutsa fuska.

"Ogan ku ne," ya ce. "Me zai ce min a wannan lokacin?"